Daren da Takalmin Zion Ya Fashe: Da Me Ake Auna Takalmin Ƙwallon Kwando?

Ranar 20 ga Fabrairu, 2019, a garin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Jami'ar Duke ta karɓi baƙuncin babbar abokiyar hamayyarta, Jami'ar Karolina ta Arewa, a wasan ƙwallon kwando. Wasan ɗalibai ne, amma tikiti mafi araha a hannun masu sayarwa a bayan fage ya haura dala 2,000, kuma tsohon shugaban ƙasa Barack Obama yana zaune a bakin fili. Yawancin jama'a mutum ɗaya suka zo kallo: Zion Williamson, matashi ɗan shekara 18, mai tsawon kusan mita 2 da nauyin kilo 129, wanda duk da wannan jiki yake tashi sama kamar an cilla shi.

Ba a cika minti guda da fara wasa ba, Zion ya tokare ƙafarsa ta hagu a ƙasa zai juya da ƙwallo. Ƙasan takalmin ya tsaya cak inda aka ajiye shi, ƙafar kuwa ta ci gaba da tafiya. Takalmin ya yage ta gefe, ƙafa ta fito waje, yaron ya zame ya faɗi, gwiwarsa ta dama ta gurɗe. Kyamarar talabijin ta kama Obama yana nuni da yatsa, yana faɗa wa na kusa da shi cewa takalmin ne ya fashe. Duke ta sha kashi da maki 88 da 72. Washegari darajar hannun jarin kamfanin Nike, wanda ya yi takalmin, ta faɗi da kimanin kashi 1 cikin 100, abin da aka ƙiyasta ya haura dala biliyan 1.

Na daɗe ina juya wannan lamari a raina, domin takalmin da ya fashe ba jabu ba ne, ba kuma na banza ba ne. Samfurin PG 2.5 ne, wanda aka yi da sunan shahararren ɗan wasa Paul George, kuma ƙwararru da yawa sun yi wasa da irinsa lafiya lau. Sai dai Paul George nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba. Abin da na fahimta daga wannan dare, kuma shi nake so in kare a wannan maƙala, shi ne cewa ingancin takalmin wasa ba a jikin takalmin kaɗai yake ba. Yana tsakanin abubuwa uku ne: ƙafar da ta sa shi, filin da ya taka, da irin wasan da ake yi da shi. Suna da farashi wani abu dabam suke aunawa. Duk uban da ke shirin saya wa ɗansa ko 'yarsa takalmin wasa, da duk malamin wasanni da ke ba da shawara, abin da ke hannunsu ya wuce kuɗi; idon sawu da gwiwar yaro ne.

Aikin da ake ɗora wa takalmi

Mai gudun dogon zango gaba kawai yake yi, taku bayan taku, kusan iri ɗaya. Ɗan ƙwallon kwando ba haka yake ba. Filin wasan ƙasa da ƙasa tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, kuma mutum goma ne ke kai-kawo a cikinsa. Babu wurin dogon gudu. Abin da ake yi shi ne zabura, da turjewa, da gocewa gefe, da ja da baya, da tsalle, da dira. Wani bincike da aka yi kan ƙwararrun 'yan wasa a Ostireliya, aka wallafa a 1995, ya gano cewa ɗan wasa kan sauya irin motsinsa kusan sau 1,000 a wasa guda, wato kimanin kowace daƙiƙa biyu. Kowace dira daga tsalle kuma tana jibga wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau da dama.

Saboda haka ayyuka uku ake nema daga takalmin. Na farko ya riƙe ƙasa. Na biyu ya sassauta dukan da ƙafa ke sha idan ta dira. Na uku ya riƙe ƙafar kanta, kada ta fice daga kan tafinsa lokacin da jiki ya yi gefe. Matsalar ita ce waɗannan ayyuka kishiyoyin juna ne. Abin da ya ƙara wa ɗaya sau da yawa yakan rage wa ɗaya, kuma babu takalmin da ya taɓa cika dukkansu a lokaci guda. Duk takalmin da ka gani sulhu ne da wani maƙeri ya ƙulla, yana hasashen wata ƙafa da wani fili. Tambayar ita ce ko ƙafarka da filinka ne ya hasaso.

Riƙon ƙasa

A ganina wannan ne shugaban sauran, domin takalmin da ke santsi duk wani alherinsa ya tashi a banza. Wanda ya taɓa kallon wasan NBA a talabijin ya san ƙarar nan mai kama da kukan ɓera da ke tashi daga fili. Robar tafin takalmi ce ke kama daɓe tana saki cikin tsananin sauri. Kusan dukkan filayen NBA da katakon wata bishiya mai tauri da ake kira maple ake shimfiɗa su, a goge, a shafe da fenti mai sheƙi, a riƙa share su kafin wasa da lokacin hutu, har da ma'aikatan da ke rugawa da tsumma su goge gumi duk inda ɗan wasa ya faɗi. A kan irin wannan daɓe roba mai laushi ita ce sarauniya, domin tana lanƙwasa ta manne.

Babban abokin gabar wannan roba shi ne ƙura. Ƙwayoyin ƙura suna shiga tsakanin roba da daɓe su zama kamar an watsa gero a kan siminti: takalmin ba ya taka ƙasa kai tsaye, a kan ƙwayoyin yake mirginawa. Shi ya sa ake ganin 'yan wasa suna ɗaga ƙafa su share tafin takalmi da hannu, kuma shi ya sa ake ajiye wata shimfiɗa mai danƙo a bakin fili su taka kafin su shiga. Tsagogin da ke tafin takalmi amfaninsu ke nan: su ba ƙura wurin shiga, su kuma samar da gefuna masu cizon ƙasa. Zanen da ya fi daɗewa ana yabonsa shi ne mai kama da ƙayar kifi, wanda layukansa ke karkata hagu da dama, don haka ko ta wace fuska ƙafa ta turje akwai gefen da zai tare ta. Kamfanoni kan zo da zane-zane masu ƙayatarwa, wani taswirar gari, wani zanen yatsa, wani labarin rayuwar ɗan wasa. Wasu suna aiki. Amma idan tsagogin sun yi siriri kuma sun matsu da juna, ƙura ke cike su nan da nan, tafin ya koma sumul.

A nan ne sulhun farko yake. Robar da ke manne wa katako, siminti cinye ta yake yi kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Robar da ke jure siminti kuma tana da tauri, ba ta kama katako mai sheƙi yadda ta farko ke yi. Kamfanonin sun san da haka sarai. Nike na fitar da wasu samfuranta a kasuwannin Asiya da roba mafi tauri, mai alamar XDR, saboda a ƙasashe irin su Sin da Filifin wasan fili a waje ya yawaita. Ke nan takalmi biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya suna iya zama dabam a ƙarƙashin ƙafa.

Riƙo ma yana da iyaka. Idan takalmi ya kafe a ƙasa ƙam yayin da jiki ke juyawa, ƙarfin juyin ba ya ɓacewa, gwiwa yake hawa. An daɗe da lura da haka a wasannin da ake yi a kan ciyawa da takalma masu ƙusoshi. Abin da ake so shi ne riƙon da ɗan wasa zai iya dogara da shi, wanda yake iri ɗaya a minti na farko da na ƙarshe, ba wanda zai kama yanzu ya saki an jima ba.

Laushi da tsayuwa

Ranar 2 ga Maris, 1962, Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa guda, tarihin da har yau ba a karya ba a NBA. Kambas ɗin Converse All Star ne a ƙafarsa: yadi a sama, siririyar roba a ƙasa, kusan yadda aka fara yin sa a 1917. Ba ina nufin a koma wancan zamani ba ne, domin gaɓoɓin 'yan wasan da sun biya farashi. Ina so ne a tuna cewa gwaninta ta riga katifar takalmi zuwa duniya.

Sauyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wani injiniyan harkar jiragen sama, Frank Rudy, ya kawo wa Nike dabarar cusa jakar iska a cikin tafin takalmi. A 1982 aka fitar da Air Force 1, takalmin ƙwallon kwando na farko mai wannan jaka. Tun daga nan kamfanoni ke tseren ƙirƙiro sabon soso, kowa da sunan da ya laƙaba wa nasa. Amfanin a bayyane yake: soso ko iska suna tsawaita ɗan lokacin da ƙafa ke ɗauka kafin ta tsaya, don haka dukan ba ya zuwa gaba ɗaya.

Amma duk wanda ya taɓa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan katifa, sannan ya gwada a kan tabarma, ya san bambancin. Katifa ta fi daɗi, tabarma ta fi tsayar da mutum. Gwargwadon kaurin soso, gwargwadon nisan ƙafa daga ƙasa, kuma gwargwadon sauƙin da za ta kife idan ta dira a karkace. Wani bincike da aka wallafa a 2001, wanda ya bibiyi shigar 'yan wasa fili sama da sau 10,000 a Ostireliya, ya samu cewa masu takalma da jakar iska a dunduniya sun fi sauran samun raunin idon sawu da kusan ninki huɗu. Bincike ne na lura, kan takalman wancan lokaci, don haka bai isa a yanke wa kowace jakar iska hukunci da shi ba. Duk da haka ya isa ya rushe zaton cewa ƙarin laushi ƙarin kariya ne a kullum. Ɗan wasa mai nauyi da ke yawan tsalle a ƙarƙashin kwando yana bukatar katifa mai kauri da faɗi. Siriri mai saurin gocewa ya fi son ya ji ƙasa a tafinsa.

Akwai kuma batun tsalle. A Oktoban 2010 hukumar NBA ta haramta wani takalmi mai suna Concept 1 na kamfanin Athletic Propulsion Labs, mai wata na'ura kamar sifirin a gaban tafinsa, bisa dalilin cewa yana iya bai wa mai shi fifikon da bai dace ba. Haramcin ya zame wa kamfanin talla mafi girma da ya taɓa samu. Amma ƙa'idar kimiyya ba ta sauya ba: soso ko sifirin ba sa haifar da ƙarfi, wani kaso kawai suke mayarwa daga abin da ƙafa ta zuba musu. Yaron da ke neman tsalle, a cinyoyinsa zai same shi.

Abu na ƙarshe game da katifa, wanda masu saye suka fi mantawa da shi: tana mutuwa tun saman takalmi yana sheƙi. Soso na danƙarewa da yawan taku har ya daina dawowa. Wani nau'insa kuma, wanda ake kira foliyuretan, danshin iska na lalata shi ko da takalmin yana ajiye a kwali ba a taɓa sa shi ba, sai a wayi gari yana marmashewa kamar busasshen burodi.

Riƙon ƙafa, da labarin dogon wuya

Mu koma kan Zion. Tafin takalminsa ya yi aikinsa, ya riƙe ƙasa. Abin da ya gaza shi ne mahaɗar saman takalmi da tafinsa. Wannan shi ne aiki na uku, kuma shi ne wanda ba ya fitowa a hoton talla. Yana dogara ne ga abubuwa marasa ban sha'awa: gam da ɗinki, bangon da ke tasowa daga tafin ya rungume gefen ƙafa, ɗan fiffiken da ke fitowa ta wajen ƙaramin yatsa don faɗaɗa gindin takalmi, taurin makarin dunduniya, farantin da ke tsakiyar tafi don hana shi murɗewa, da igiyar da ke ɗaure komai. A shekarun baya-bayan nan an yi ta tseren rage nauyin takalma, aka bar fata aka koma saƙa da raga. Sauƙin nauyi alheri ne, amma kowane giram da aka cire daga wani wuri aka cire shi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan aiki na dogon wuya ne, wato takalmin da ya hau ya rufe idon sawu shi ke hana targaɗe. Shekara da shekaru haka aka yi imani. A 1993 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka kan ɗalibai 622 masu wasa, inda aka raba musu takalma ta hanyar ƙuri'a: wasu mai dogon wuya, wasu gajere, wasu mai dogon wuya da ake hura wa iska. Raunukan idon sawu 15 kacal aka samu, kuma babu wani bambanci mai ma'ana tsakanin rukunonin. Adadin ya yi kaɗan a ce ya tabbatar da fifikon gajeren wuya, amma bai nuna kariyar da ake jingina wa dogon ba. A 2008 Kobe Bryant ya nemi a yi masa takalmi mai gajeren wuya, yana kafa hujja da 'yan ƙwallon ƙafa da ke gocewa da juyawa ba tare da an rufe musu idon sawu ba. Eric Avar ya zana masa Kobe IV, aka yi ta surutu, daga baya kuma gajeren wuya ya cika filayen NBA.

Dalilin mai sauƙi ne. Wuyan yadi da soso ba shi da ƙarfin da zai tsayar da nauyin jikin mutum idan ƙafa ta kife, musamman bayan gumi da motsi sun sassauta igiya. Kuma sau da yawa targaɗe na faruwa ne idan ɗan wasa ya dira a kan ƙafar wani. A watan Mayun 2017 Kawhi Leonard ya dira a kan ƙafar Zaza Pachulia, raunin da ya fitar da shi daga sauran wasannin zagayen kusa da ƙarshe, ya kuma sa NBA ta tsananta hukunci kan mai shiga ƙarƙashin wanda ya yi tsalle. Gyaran doka ne ya magance wannan, domin ya fi ƙarfin takalmi.

Me ke kare idon sawu ke nan? A nan hujja ta fi ƙarfi. Wani gwaji a makarantun sakandare na jihar Wisconsin, wanda aka wallafa a 2011 kan 'yan wasa 1,460 maza da mata, ya nuna cewa masu sa maɗaurin idon sawu mai igiya a cikin takalmi sun samu raunuka kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da marasa sa shi suka samu. Binciken Ostireliya na 2001 kuma ya gano cewa wanda ya taɓa targaɗe ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin maimaitawa da kusan ninki biyar. Stephen Curry misali ne: sau biyu aka yi masa tiyata a idon sawunsa na dama, a 2011 da 2012, har ana ganin wasansa ba zai yi nisa ba. Abin da ya tsamo shi shi ne horon ƙarfafa ƙugu da cinyoyi, da koyon daidaita jiki, da maɗaurin da yake sawa. Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan wannan rigakafi ba a kantin takalma ake sayar da shi ba.

Abin da suna ke sayarwa

Haɗa sunan ɗan wasa da takalmi tsohon abu ne. Chuck Taylor ya shiga Converse a 1921 yana yawon koyar da wasa da tallan takalmi, aka sa sunansa a jikinsa a 1932. Amma kasuwar da muka sani yau ta fara ne da yarjejeniyar Michael Jordan da Nike a 1984, da fitowar Air Jordan na farko a 1985 kan dala 65, wanda cinikinsa ya haura dala miliyan 100 a shekarar farko. Daga nan takalmin ƙwallon kwando ya zama tufafin ado, kuma mafi yawan waɗanda ake sayarwa ba sa taɓa taka filin wasa. Farashi ya koma auna farin jini, da ƙarancin kaya, da kuɗin da ake biyan mai sunan.

Wasu daga cikin taurarin da kansu sun ƙi wannan tafiya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, ya sa sunansa a takalmin Spalding na kimanin dala 35, yana cewa uwa mai ƙaramin ƙarfi da 'ya'ya da yawa ba za ta iya sayen masu tsada ba. A 2006 Stephon Marbury ya fitar da Starbury kan dala 14.98, ya kuma shiga wasannin NBA da shi.

Mai karatu na iya cewa: araha ba ta ado, kuma manyan kamfanoni suna da ɗakunan gwaji da injiniyoyi waɗanda ƙananan ba su da su. Gaskiya ne, ban musa ba. Soson da ke cikin takalma masu tsada sau da yawa ya fi sauƙin nauyi, ya fi dawowa. Ban kuma raina abin da yaro ke ji a ransa idan ya ɗaure takalmin gwarzonsa ba; ƙarfin zuciya ma wani ɓangare ne na wasa. Abin da nake cewa shi ne wannan fifiko an gina shi ne don wani mutum na musamman: ƙwararre, a kan katako mai tsabta, wanda ke sauya takalmi a kai a kai kyauta. An san Jordan da sa sabon takalmi kusan kowane wasa. Wanda ba ya cikin wannan hali yana biyan kuɗin alherin da ba zai mora ba, yana kuma ɗaukar illar da aka yarda da ita don a samu wannan alheri, wato saurin lalacewa. Kama da wane ba ta wane.

A kan siminti, cikin hunturu

A nan ne maganar ta iso gida. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, kuma a filayen waje ya fara wasa. Har yau mafi yawan filayen da yaranmu ke wasa a makarantu da barikoki da unguwanni na siminti ne ko kwalta, a buɗe, rana na dukansu, hunturu na lulluɓe su da ƙura watanni a jere. Wannan shi ne kishiyar filin da aka zana takalman taurari dominsa. Takalman kuma yawanci ta hanya biyu suke iso mana, ko gwanjo ko jabu, kuma kowanne da nasa haɗari. Na gwanjo yana iya zama na asali mai kyan gani, alhali katifarsa ta daɗe da mutuwa, gam ɗinsa ya bushe. Na jabu kuwa abin da ido ke gani kawai aka kwaikwaya. Farantin tsakiya, da makarin dunduniya, da ingancin gam, su ne ainihin wuraren da aka tsuke kuɗi.

Don haka idan za a saya, a ajiye tambari gefe a yi amfani da hannu. A juya takalmin a dubi tafinsa: tsagogi masu zurfi da faɗi, roba mai tauri da farce ba ya lotsa ta da sauƙi. A riƙe gaba da baya a murɗa. Idan ya murɗe kamar tsumma, a ajiye. A lanƙwasa shi. Wurin yatsu ya kamata ya karye, ba tsakiya ba. A matsa dunduniya da yatsa biyu a ji ko tana da tauri. A bi mahaɗar sama da tafi a ja ta a hankali, ko gam ya fara saki. Sannan a sa shi da safar da za a yi wasa da ita, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a ɗaure igiya har sama, a zabura gefe a turje. Idan ƙafa ta zame a ciki ko dunduniya ta ɗaga, takalmin ba nata ba ne, ko sunan wa ke jikinsa. Al'adar saya wa yaro babban takalmi don ya girma a ciki hikima ce a takalmin makaranta, amma ganganci ce a na wasa. In an saya, a bar shi don fili kaɗai, kada a yi yawon gari da shi. Wanda ya taɓa targaɗe kuma, maɗaurin idon sawu ya fi masa sabon takalmi amfani.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan makarantu da masu kula da filaye. Tun da riƙo tsakanin roba da daɓe yake, rabin aikin takalmi a hannun mai fili yake. Share fili kafin a fara wasa, da cike tsagar siminti, suna ƙara wa kowane takalmi ashirin da ke kan filin inganci a lokaci guda. Ban san wata fasahar takalmi da ta kai tsintsiya arha da tasiri a filayenmu ba.

Zion ya dawo fili ranar 14 ga Maris, 2019, makonni uku bayan faɗuwarsa, a wasa da Jami'ar Syracuse. Ya yi jifa 13, duka suka shiga kwando. Takalmin da ke ƙafarsa a ranar ba mafi tsada a kasuwa ba ne. Wani samfuri ne, Kyrie 4, wanda Nike ta ƙarfafa masa musamman bayan ma'aikatanta sun je sun duba ƙafarsa da yadda yake motsi. Kamfanin da ya fi kowa sanin darajar suna, da aka zo batun gwiwar yaro, ƙafa ya koma ya auna. Mu da muke saye da guminmu, don yaran da ba su da likitan ƙungiya a bakin fili, mu muka fi cancanta mu fara daga nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.